Tarkon da ke Cikin Fassarar Hukunce-hukuncen Kotunan Sin zuwa Ingilishi

A shekarar 2011 ne Kotun Ƙoli ta ƙasar Sin ta fitar da rukunin farko na shari'o'in jagora guda 4, kuma Jami'ar Stanford ta Amurka ta fassara irinsu zuwa Ingilishi. A ganinmu, tarkon yana cikin kalmar "canzhao", wato umarnin da aka bai wa alƙalai a 2010 cewa su dubi waɗannan shari'o'i. Ƙa'idar 2015 ta yarda a ambace su cikin hujjoji, amma ta hana a kafa hukunci a kansu. Lauyan Ingila kuwa ya saba da hukuncin baya mai ɗaure alƙali, don haka yana iya ɗaukarsu tamkar doka. Wajibi ne mai fassara ya haɗa da sharhi, domin kama da wane ba ta wane.