Jinjina ga Maƙeran Ɗan Kurfoti

Sannunku da aiki, maƙeran gwangwani na kasuwannin Gwandu da Kalgo. Da almakashi da guduma da ƙusa kuke mayar da tsohon gwangwani murhu: ku huda gindinsa don toka ta zube, ku yanka masa ƙofa a gefe don iska ta hura gawayi. Wani ma da waya kuke saƙa shi, ba nauyi ko kaɗan, kuma kuɗin da ake ba ku bai kai wahalar ba.

Makiyayi mai gangarawa fadama yakan rataya shi a sanda tare da butar shayi. In iskar hunturu ta taso, sai ya kange wutar da guntun kwanon da kuka lanƙwasa, gawayi cikin tafin hannu ya ishe shi tafasa ruwa.