Buhun shara a bayan mota

Wata ɗabi'a ta samu gindin zama a wajen Amurkawa masu doguwar tafiya a mota zuwa gandayen dajin ƙasarsu. Kusa da guzuri sukan ajiye buhu da safar hannu, duk inda suka yada zango su tsince ledoji da gwangwanaye da guntayen sigarin da wasu suka yar. Tun 2004 masu hawan duwatsu ke gayyar shara duk shekara a gandun Yosemite na Kaliforniya, a 2019 kuma abin ya bazu a intanet da sunan TrashTag. Ina bayan wannan ɗabi'a, ko da yake na san buhun matafiyi ba zai share wuraren da ake kai wa ziyara sama da miliyan 300 a shekara ba.

Amfaninta yana ga ƙananan abubuwan da motar kwasar bola ba ta isa gare su, ga shi kuma ɓarnarsu ba ta jira. A 2024 wani baƙo ya yar da ledar abin ƙwalama mai suna Cheetos a kogon Carlsbad. Danshi ya jiƙa abin da ke ciki, fumfuna ta tsiro, ƙwari suka yi masa caa, sai da ma'aikata suka bi suka kankare wurin. A gandun Yellowstone akwai tafkin ruwan zafi mai suna Morning Glory, wanda a da shuɗi ne shar. Kwabbai da duwatsun da baƙi suka yi shekaru suna jefawa suka toshe idon ruwan, zafinsa ya ragu, launinsa ya rikiɗe zuwa kore da rawaya. Wanda ya taɓa ganin yadda gwaggon biri ke fizge leda a bakin ruwan Wikki na Yankari ya san dabba ba ta jiran ranar shara. Ma'aikaci na can nesa, baƙo ne a wurin lokacin da ledar ta faɗi.

Masu suka na cewa riya ce, don hoto ake yi. Wataƙila, amma lissafin niyya tsakanin mutum da Ubangijinsa ne, ledar dai ta bar dajin. Sukar da ta fi nauyi ita ce aikin sa-kai na sauke wa masu alhaki nauyinsu. Akwai ƙamshin gaskiya. Ƙungiyar Keep America Beautiful da aka kafa a 1953, har da kamfanonin gwangwani da na lemon kwalba cikin waɗanda suka kafa ta, ta daɗe tana nuna mai zubar da shara da yatsa, ta ƙyale mai ƙera ta.

Sai dai 'yan sa-kai ba su rufa wa hukuma asiri ba. Da wasu ayyukan gwamnatin Amurka suka tsaya cik na kwana 35 daga Disamban 2018, aka bar gandaye da yawa a buɗe ba isassun ma'aikata, su ne suka kwashe bola suka wanke bayan gida a gandun Joshua Tree, kuma ta dalilinsu duniya ta ga girman giɓin. Abin da ya gagare su shi ne hana masu kutsa mota cikin daji suna lalata itatuwa, domin wannan aikin mai gadi ne mai albashi da ikon kamu. Haka ma tantance tsohon gwangwani mai tsatsa: in ya haura shekara 50 yana iya zama kayan tarihi a tsarin gandayen, don haka a bar shi inda yake, a sanar da ma'aikaci.