Ma'aikacin Banki a Labaranmu: Ga Kwat, Ina Aikin?

A littattafan soyayya da muke karantawa a waya, ma'aikacin banki ba ya aiki. Yana da kwat da mota mai sanyi, kuma yana fita ofis ne kawai don a bar amarya da uwargida su gwabza. Abin da yake yi daga safe zuwa yamma, babu mai tambaya. Banki ya zama gajeriyar hanyar cewa mutum na da kuɗi ba tare da an mai da shi ɗan siyasa ba.

Wannan ragwanci ne, domin labari na nan jibge. A zamanin Sardauna, ɗan Rabah, aka kafa Bank of the North a 1959 don ɗan kasuwar Arewa ya samu jari. A 2006 ya narke cikin Unity Bank, bayan Babban Banki ya ce sai mai naira biliyan 25 zai tsaya da ƙafarsa. Ina labarin akawun da ya tsufa a cikinsa? Sanusi Lamido Sanusi ya fara a Icon Limited, ya ƙware wajen auna haɗarin bashi, sannan a Agustan 2009 ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana guda.

Ba ma sai an je Legas ba. A ɗauki jami'in rance da aka turo kwarin Rima. Manomin albasa daga Magarya na zaune gabansa, gonar gado ce, babu takarda, kuma jami'in ya san mahaifinsa. Mu masu rubuta manhaja mun san sau da yawa an riga an saƙa "a'a" cikin lissafin kwamfuta tun daga hedikwata. Shi dai bakinsa za a ara, shi kuma zai haɗu da mutumin a masallacin Juma'a a Wurno. Ya koma gida, ga mahaifiyar da ba ta yarda a yi mata cefane da albashinsa saboda kuɗin ruwa. Tun da Jaiz ya buɗe a 2012, irin wannan jami'i yana da wata ƙofar, kuma zaɓi tsakanin ƙofofin biyu ya ishi babi goma. Marubutanmu kuwa har yanzu launin motarsa suke bayyana mana.