Jinjina ga Masu Liƙin Roba

A Kankiya da Kusada, jarkar ɗan garuwa da tankin ruwan gida ba sa mutuwa da wuri, albarkacin masu liƙin roba. Aiki ne na haƙuri. Sai an kankare tsagar tas, a zaɓo tsinken roba irin na jikin kayan, domin wani iri ba ya kama wani. Sannan a bi da iska mai zafi ko ƙarfen da ya sha wuta, sannu a hankali. Zafi ya yi yawa roba ta ƙone, ya yi kaɗan liƙi ya ɓalle. Ba don su ba, da talaka ya sha sayen sabo. Allah ya yi wa sana'arku albarka!