Daga Rawar Bale Zuwa Wasan Waƙa: Nazari a Kan Robert Fairchild

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata tambaya da masu nazarin wasanni a ƙasashen Turawa suka daɗe suna gardama a kanta, watau, in gwanin rawar bale ya bar fagensa ya koma wasan kwaikwayo na waƙa da rawa, ci gaba ya yi ko ci baya? Za a ɗauki Robert Fairchild a matsayin misali.

Bale rawa ce ta Turai wadda ba a furta kalma a cikinta. Jiki ne kaɗai yake ba da labari. Shi kuwa wasan waƙa, irin na Broadway a New York, tilas ɗan wasa ya yi magana, ya rera waƙa, kuma ya taka rawa.

An haifi Fairchild a Salt Lake City ta Amurka cikin 1987. Ya shiga ƙungiyar New York City Ballet, ya fito a matsayin Romeo cikin 2007, ya kai matsayin babban ɗan rawa cikin 2009. Sa'an nan Christopher Wheeldon ya zaɓe shi ya zama Jerry Mulligan a wasan An American in Paris, wanda aka gina bisa fim ɗin Gene Kelly na 1951. An buɗe wasan a Faris cikin 2014, a Broadway cikin 2015, a Landan cikin 2017. A wannan shekara ta 2017 ne ya yi ban kwana da ƙungiyarsa, yana ɗan shekara talatin.

Masu sukar irin wannan ƙaura suna cewa an sayar da fasaha don neman kasuwa. Wannan hujja ba ta da ƙwari. George Balanchine, wanda ya kafa New York City Ballet tare da Lincoln Kirstein cikin 1948, shi da kansa ya tsara raye-rayen wasan On Your Toes a Broadway cikin 1936. Jerome Robbins, wani jigon ƙungiyar, shi ya tsara West Side Story cikin 1957. Ashe Fairchild bai fita daga gidan kakanninsa ba, ɗaki kawai ya sake.

Inda maganar take shi ne abin da ɗan rawa yake yi da shirun da ya saba da shi. Jerry tsohon soja ne da ya zauna a Faris bayan Yaƙin Duniya na Biyu don ya zama mai zane, ya kamu da son Lise, wadda Leanne Cope ta fito a matsayinta. Muryar Fairchild ba ta kai ta gwanayen mawaƙa ƙarfi ba, kuma babu amfanin ɓoye wannan. Amma a kusan ƙarshen wasan, inda aka daina magana aka shiga doguwar rawa, nan ne labarin soyayyar ya kai ƙololuwa. Mai kallo ya riga ya ji muryar Jerry, ya san damuwarsa, saboda haka kowane taku ya ɗauki ma'anar da ba zai ɗauka ba a bale zalla. Magana ta share wa rawa hanya, rawa kuma ta faɗi abin da ya gagari magana.

Akasin haka ya bayyana a fim ɗin Cats na 2019, inda aka lulluɓe jikinsa da gashin kyanwa na kwamfuta. Da aka rufe jikin, sai gwanintar ta dushe, domin jiki shi ne harshensa na farko.

A taƙaice, ba sauya fage ne yake rage darajar ɗan rawa ba. Abin dubawa shi ne ko sabon fagen ya bar jikinsa ya ci gaba da magana. In ya bari, ribar ta zama biyu. In ya hana, an yi ba a yi ba.