3.4 Mutuntarwa a Hikayar Karites: Hesiyod da Homa

A wannan sashe za a dubi yadda mawaƙa biyu na tsohuwar Girka, wato Hesiyod da Homa, suka sarrafa Karites, alloli mata da Girkawa suka jingina wa kyau da fara'a da alheri. Abin da ake son tantancewa shi ne, ko Karites sun cancanci a kira su taurari, ko kuwa siffofi ne kawai da aka mutuntar.

Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya kawo su a waƙarsa ta Tiyogoniya. Ya ce su uku ne, 'ya'yan Zeyus da Yurinomi: Agilaya da Yufurosini da Taliya. Sunayen na nufin ƙyalli da farin ciki da yalwa. Da za a cire sunayen da salsalarsu, da wuya a bambance ɗaya daga ɗaya, domin babu wadda ta buɗe baki a waƙar.

Homa bai faɗi adadinsu ba, amma ya fi gwanintar sarrafa su. A littafi na 14 na Iliyad, wadda ta ginu kan yaƙin Turoyi, Hera ta nemi Hifnos, ubangijin barci, ya sa mijinta Zeyus barci don Girkawa su samu sarari a fagen daga. Ta yi masa tayin kujerar zinariya, ya ƙi saboda tsoron fushin Zeyus. Da ta yi alkawarin aurar masa da Fasitiya, ɗaya daga cikin Karites wadda ya daɗe yana so, nan take ya amince, har ya sa ta rantse. A nan kyau ya zama toshiyar baki, kuma ya juya akalar yaƙin na ɗan lokaci. Sai dai abin lura shi ne, Fasitiya ba ta fito ba, ba a kuma ji ta bakinta ba game da auren.

Inda aka ɗan samu bambanci shi ne littafi na 18. A can Karis, matar Hefayistos maƙerin alloli, ta tarbi baƙuwarsu Tetis da maganar maraba, ta ba ta wurin zama, ta kira maigidanta. Ko a nan ma aikinta bai wuce karɓar baƙi ba, don da fitowar maƙerin sai labari ya koma kansa da garkuwar da zai ƙera wa Akilis.