Masu Farautar Haske a Birane

Baƙi za su yi cincirindo a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, kowa ya ɗaga waya ya ƙyasta, a watse da hoto kusan iri ɗaya: ginin ya kishingiɗa baya kamar zai faɗi, sama ta yi fari fat, ƙeyar wani ta kutso ta gefe. Can sai ka ci karo da hoton mutum ɗaya da zai tsayar da kai cak, alhali wayarsa ba ta fi ta sauran tsada ba. Tafiyar ƙafa ya fi su, da kuma haƙuri.

Hasumiyar nan ta laka ce zalla, tsayinta mita 27. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844, kuma tun 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Gindinta faffaɗa ne, tana tsukewa tana hawa. To, duk wanda ya tsaya dab da dogon gini dole ya ɗaga bakin kyamara sama, kuma da ya ɗaga, layukan da ke miƙe sai su karkata su nufi juna. A ginin da dama can tsukakke ne, abin sai ya yi muni. Gwani ya san haka, shi ya sa ba ya tsayawa inda kowa ya tsaya. Baya yake ja, ya bi lungu har ya sami inda zai riƙe kyamarar a miƙe, sannan ya jawo ginin da madubinta. In bai samu ba, sai ya yi sallama a wani gida mai bene, a gaisa, ya roƙi a bar shi ya hau. Wannan gaisuwar ma cikin aikin take. Dokar ɗaya ce ko a Dubai, gaban Burj Khalifa mai mita 828, sai dai a can tafiyar ta fi nisa.

Inda na fi sara wa gwanaye shi ne sanin lokaci. Da tsakar rana haske daga bisa yake zubowa, bango ya zama shafal, ba tudu ba kwari. Amma bari la'asar ta yi sakaliya. Rana ta koma gefe, itatuwan da suka turo kai daga jikin hasumiyar kowane ya shimfiɗa doguwar inuwa, lakar ta yi ja-ja, har sawun hannun masu yaɓe ya fito. Mai hoton kirki tun da hantsi ya zaga wurin, ya ga inda rana za ta faɗi, ya zaɓi matsayarsa, ya tafi harkarsa. Komawar da zai yi ita ce ta ɗauka.

Akwai kuma ɗan taƙin nan na almuru, an kunna fitilu amma sama ba ta gama duhu ba, tana nan shuɗiya. Hasken gari da na sama sun yi kunnen doki, don haka kyamara na iya kama su duka. A ƙasashenmu bai cika kai rabin sa'a ba, a Istanbul da bazara kuwa yana jan lokaci. Da yake haske ya yi ƙaranci, idon kyamara kan daɗe a buɗe, ƙaramin motsi sai ya dama hoton. Za ka ga gwani ya dafa gwiwar hannu a katanga, ya ɗauke numfashi, sannan ya danna.

Hazo ma ba abokin gaba ba ne. Da hunturu in ka hau Dala, birnin Kano ɓacewa yake yi, amma ka sauko marinar Ƙofar Mata ka ga yadda shuni ke fita, don hazon ya kashe kaifin rana.

Sai maganar mutane. Ɗan koyo jira yake kowa ya kauce. Gwani jira yake wanda ya dace ya shigo: dattijo a kan keke, yarinya da tiren talla, domin sai da mutum ido ke gane girman gini. Yana iya share sa'a guda a kan haka. In fuska za ta fito sosai yakan nemi izini, barikin soja kuwa ko kusa ba ya nuna shi da kyamara. Wani kuma akasin haka yake so. Eugène Atget, wanda ya rasu a 1927, ya yi kusan shekara 30 yana yawo a titunan Faris da ƙatuwar kyamarar katako, galibi da sassafe kafin gari ya tashi, ya ɗauki tsofaffin unguwanni wayam. Da yawa daga lungunan an rushe su, a hotuna irin nasa ake ganinsu yanzu.